Ɗiyata ta ƙi baƙar 'yar tsana a kasuwar Garwa

Assalamu alaikum Malam Edita. Daga Garwa ta arewacin Kamaru nake rubuto maka, abin nan ya kwana biyu yana cin raina wallahi. Jajibirin sallah na kai ɗiyata mai shekara 4 babbar kasuwa, mai kaya ya miƙo mata 'yan tsana biyu, fara da baƙa, yarinyar nan ta ture baƙar wai mummuna ce, alhali ita kanta baƙa ce wuluk irin babanta. Nan take jikina ya yi sanyi.

A Amurka, shekarun 1940, Kenneth Clark da matarsa Mamie sun yi wa yara baƙar fata 'yan shekara 3 zuwa 7 irin wannan gwaji, akasarinsu suka zaɓi farar, har kotun ƙoli ta ambaci binciken a 1954 da ta haramta raba makarantun farare da baƙaƙe. To su can doka ce ta raba su, mu nan wa ya koya wa tawa?

Mu ne mana. Ranar da aka haifi ƙanwarta mata suka cika ɗaki, kowacce sai ta juya kunnen jaririya ta duba ko za ta rine, ana ta masha Allah fara tas kamar balarabiya, ita kuwa tana raɓe jikin ƙofa tana ji, ba wadda ta kula da ita. Ga man bilicin a gaban madubin gwaggonninta. Yaro ai ba ya tambaya, kallo yake yana haddacewa.

Haka yayanta mai shekara 6, na ce ya share tsakar gida ya ce shi ba mace ba ne, kakarsa ta goya masa baya, wai a bar mata miji ya huta. Rannan kuma ya dawo daga lakwal, wato makarantar boko, yana kiran abokin zamansa kaɗo, sunan da ake kiran wanda ba Bafulatani ba, na tambaye shi ma'anarsa bai sani ba, ya dai san kalmar raini ce, kuma a zaure ya ji ta wurin manya. Mu da in mun sauka Yawunde, babban birnin ƙasa, a ce mana wajo, sunan da 'yan kudu ke kiran 'yan arewa, mu ji zafi har zuci!

Don Allah jaridarku ta taɓo wannan magana, malamai ma su sa ta a wa'azi. Ni dai na koma na sayo baƙar, na yi mata kitso irin na ɗiyata, na ɗinka mata zane da ragowar atamfar sallah. Har yau ba ta goya ta ba, amma jiya na ga ta shimfiɗa mata ɗankwali kusa da filonta.

Naku, wata uwa daga Garwa.