Yadda aka gano wani yaro Bayahude bayan yaƙin Hitila

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini in kawo wa masu karatu labarin Thomas Buergenthal, saboda akwai abin da ya shafe mu a cikinsa, mu da muke da yaran da rikici ya raba da iyayensu.

An haife shi a 1934 a ƙasar Cekosulobakiya, iyayensa Yahudawa ne da suka gudo daga Jamus. Yaƙin Duniya na Biyu ya rutsa da su a Folan a 1939, aka killace su a unguwar Yahudawa ta garin Kielce. A 1943 sojojin Nazi, wato na gwamnatin Hitila, suka ware yaran da suka rage a garin suka kashe su. Thomas yana da shekara 9, ya fito daga layi ya gaya wa jami'in da Jamusanci cewa shi zai iya aiki, aka ƙyale shi. A watan Agusta 1944 aka kai shi da iyayensa Auschwitz, sansanin da 'yan Nazi ke hallaka Yahudawa. Al'adar wurin ita ce a tantance mutane da saukarsu daga jirgin ƙasa, yara da tsofaffi a wuce da su ɗakin iskar guba. Ayarin su Thomas daga sansanin aikin tilas ya fito, sai aka ɗauka duk ma'aikata ne, ba a tantance su ba. Aka zana masa lamba B-2930 a hannu, aka raba shi da mahaifiyarsa.

A Janairu 1945, cikin tsananin sanyin hunturu, aka kora fursunoni da ƙafa na kwana uku zuwa garin Gliwice, daga nan aka loda su a taragon da ba rufi zuwa sansanin Sachsenhausen. Sanyi ya kashe masa yatsun ƙafa, aka yanke biyu. A ɗakin jinya wani fursuna ɗan Norwe, Odd Nansen, ya riƙa ba ma'aikata taba domin kada a sa sunan yaron cikin waɗanda za a kashe. A Afrilu 1945 sojojin Rasha da na Folan suka buɗe sansanin. Mahaifinsa bai kai wannan rana ba. Yaran Yahudawa wajen miliyan 1.5 aka hallaka a wannan ta'asa ta 'yan Nazi.

Abin da ya biyo baya shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Mahaifiyarsa ta tsira, ta koma garinsu Göttingen a Jamus tana cigiya, shi kuwa yana gidan marayu a Otwock kusa da Warsaw, babban birnin Folan. Fiye da shekara ɗaya bayan yaƙi ba wanda ya san inda ɗan'uwansa yake. Abin da ya haɗa su bai wuce takarda biyu ba. Sunan yaron ya shiga jerin marayun da ke son ƙaura zuwa Falasɗinu, ita kuma sunansa ta bayar a jerin waɗanda ake nema. Wani ma'aikacin ofishin cigiya a birnin Ƙudus ya duba wannan, ya duba wancan, ya ga suna ɗaya. A Disamba 1946 aka tsallaka da yaron iyakoki aka damƙa shi ga uwarsa.

Da yawa ba su yi wannan dace ba, kuma an san dalilai. Suna ɗaya akan rubuta shi iri uku, da Jamusanci da Folanci da Rashanci. Yara sun ƙara wa kansu shekaru don su tsira daga tantancewa, sai ranar haihuwa ta saɓa. Waɗanda aka ɓoye a gidajen Kirista an sauya musu suna, ƙananan ciki sun manta na asali. Har yau ma'ajiyar Arolsen a Jamus, mai takardu kimanin miliyan 30 kan waɗanda 'yan Nazi suka zalunta, tana amsa wasiƙun masu cigiya.

Edita, irin wannan tangarɗa tana nan a Borno da Yobe da Adamawa da Diffa. Yaro ɗaya Muhammadu ne a takarda, Modu a gida, Mamman a makarantar allo. Ɗan shekara huɗu bai san sunan uwarsa ba sai Inna, uwa kuma ga alkunyar ɗan fari. Don haka mai rajista a sansanin 'yan gudun hijira ya rubuta sunan yanka da laƙabi duka, da sunan uba da uwa da kaka, da ƙauye da sunan bulama ko mai unguwa. Ya rubuta tsaga ko tabo da inda yake a jiki, ya ɗauki hoto tun ranar farko, domin fuskar yaro tana sauyawa cikin shekara biyu. Idan shekaru ƙiyasi ne, a rubuta cewa ƙiyasi ne. Kada a sauya wa yaro suna a gidan riƙo ba tare da an ajiye na farko ba. Sa'an nan a miƙa bayanin ga ƙungiyar Red Cross, wadda ke wannan aiki har ƙetaren iyakar Nijar da Kamaru da Cadi. Rajistar da ke kulle a durowar ofishi, ba a gwada ta da jerin masu cigiya, ba ta da amfani ga kowa.

Thomas ya kai shekara 12 kusan bai taɓa zaman aji ba. Aka ɗaukar masa malami a gida, ya cim ma tsaransa, ya tafi Amurka a 1951, ya karanta shari'a a jami'o'in New York da Harvard. Ya yi alƙalanci a kotun haƙƙin ɗan Adam ta nahiyar Amurka daga 1979 zuwa 1991, sannan a Kotun Duniya da ke Hague daga 2000 zuwa 2010. Yana cikin alƙalan da suka yanke hukuncin Bakassi tsakanin Nijeriya da Kamaru a Oktoba 2002. Ya rasu a Mayu 2023 yana da shekara 89.

Ina kira ga hukumomin agajin gaggawa na jihohinmu su haɗa rajistarsu wuri guda, jaridarka kuma ta ware shafin cigiya ko da sau ɗaya ne a wata.

Wassalam.

Naka,
Mai karanta jaridarka, daga Maiduguri