Ciwon Guillain-Barré: A Bar Firednisolon, A Sa Ido Kan Numfashi

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini in yi tsokaci kan wani ciwon shanyewar jiki da ake yawan kuskure wajen jinyarsa, da kuma likitan da aikinsa ya gyara wannan kuskure, Farfesa Richard Hughes, wanda ya yi aiki a asibitin Guy's da ke Landan.

Ciwon shi ne Guillain-Barré, wanda likitocin Faransa uku suka bayyana a jikin sojoji biyu a 1916. Garkuwar jiki ce ke juyowa ta far wa jijiyoyin da ke motsa gaɓɓai, galibi mako 1 zuwa 3 bayan gudawa ko mura. Ƙwayar cutar da ta fi haddasa shi ita ce Campylobacter, wadda ake samu a naman kazar da bai dahu ba. Mutum zai fara jin tafin ƙafa na masa kamar tafiyar kiyashi, silifa ta riƙa zame masa, tashi daga tabarma ya gagara, sannan raunin ya hauro hannuwa, dama da hagu daidai. In an buga gwiwa da gudumar roba, ƙafar ba ta zabura.

Tunda garkuwar jiki ce ta yi tawaye, hankali zai ba ka cewa maganin da ke danne ta, irin firednisolon, zai yi aiki. Haka likitoci suka ɗauka shekara da shekaru. Hughes bai yarda da zato ba. A 1978 ya gwada maganin a kan marasa lafiya 40, bai ga amfani ba. A 1993 aka sake gwaji da mutum 242, ana ɗura musu miligiram 500 na dangin maganin ta jijiyar jini kwana 5, nan ma sakamakon bai taka kara ya karya ba. Abin da ke damuna shi ne maganin yana da arha, ko a kemis ana samu, don haka shi hannu ke fara kaiwa gare shi, sai a tayar wa mara lafiya da sukari da hawan jini a banza.

Abin da ke aiki biyu ne: tace ruwan jini da na'ura kamar sau 5, ko ɗura sinadarin garkuwa da ake kira IVIG, giram 0.4 ga kowane kilo na nauyin jiki kullum har kwana 5. Mai kilo 60 za a ɗura masa giram 120 ke nan, kuma tsadarsa ba ta talaka ba ce. Gwajin da Hughes ya jagoranta, aka buga a 1997, ya nuna ƙarfinsu ɗaya, kuma haɗa su bai ƙara wani abin kirki ba. Kada a sa iyali su sayar da gona don biyan duka biyun.

Hughes ne kuma ya tsara ma'aunin tsananin ciwon da ake bi har yau, daga 0, lafiya lau, zuwa 6, rasuwa. Mataki na 4 mai kwance ne, na 5 mai numfashi da na'ura, kuma kusan 1 cikin 4 na kaiwa nan. To a nan ake asarar rai. Na'urar da ake maƙalawa a yatsa don auna iska tana yaudara, domin lambar da take nunawa ba ta sauka sai abu ya yi nisa. A sa mara lafiya ya ja numfashi ɗaya ya ƙirga; in ya kasa kaiwa 20, ko ya kasa ɗaga kai daga matashi, ko yana ƙwarewa da ruwa, a kai shi inda ke da na'urar numfashi tun kafin dare. A maimaita gwajin kowane awa 4 zuwa 6, a duba bugun zuciya, a riƙa juya shi duk awa 2 don gudun gyambon kwanciya.

Yaro ɗan ƙasa da shekara 15 kuwa, in ƙafa ta saki farat ɗaya, a sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, a ɗebi bahaya sau 2 cikin kwana 14 don a tantance ko shan inna ne.

Naka,
Wani likitan jijiyoyi, Zariya