Kurosawa ba ɗan Caina ba ne, Malam Edita

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Shirinku na fina-finai na ranar Asabar ya ɓata mini rai. Kun yi ta yabon Sholay, ban ce komai ba, ni ma na kalle shi ya fi sau goma. Amma da mai gabatarwa ya ce wai akwai wani ɗan Caina da ya kwaikwayi labarin, sai da na ajiye kofin shayina. Haba! Akira Kurosawa fa ake nufi, mutumin Japan. Fim ɗinsa Seven Samurai ya fito a 1954, Sholay kuwa sai 1975. To, yaushe ɗa ya fara haifar ubansa?

Ni a kaset na fara ganin Seven Samurai, yayana ne ya zo da shi daga Legas. Baƙi da fari ne, ya haura awa uku, ba ma jin ko kalma ɗaya, amma babu wanda ya motsa daga tabarma. Ƙauyawa ne 'yan fashi suka addaba, suka ɗauko mayaƙa bakwai, ladansu abinci kawai. Suna dafa wa baƙin shinkafa, su kuma suna cin gero. Da yayana ya bayyana wa Inna haka, sai ta girgiza kai ta ce talaka ko'ina sunansa talaka. Yaƙin ƙarshe kuwa cikin ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, dawakai na zamewa cikin taɓo, jarumin fim ɗin Toshiro Mifune na ihu kamar mahaukaci. Har yau ban ga wanda ya ɗauki ruwan sama a fim kamar Kurosawa ba.

Kuma ba Indiyawa kaɗai suka sha daga rijiyarsa ba. Amurkawa sun mayar da labarin na kaboyi a 1960. Daraktan Italiya Sergio Leone ya kwashe labarin Yojimbo, wani fim ɗin Kurosawa, babu izini ya sa Clint Eastwood a ciki, sai da aka kai ƙara. George Lucas da bakinsa ya ce ya ɗebi wani abu daga The Hidden Fortress na Kurosawa ya zuba a Star Wars. Wannan ne za a ce da shi "wani"? Don Allah a gyara a shiri mai zuwa, a kuma faɗi sunansa daidai.

Af, kiɗan nan da kuke sakawa ana cikin magana ya yi ƙara da yawa. Rediyona ƙarama ce, rabin hirar ba na ji.

Naku mai sauraro kullum,
daga Zariya.