Malam Edita, tauraro ba ya faɗowa in zai mutu

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya fama da jama'a, Allah ya ƙara basira. Dan Allah a ɗan ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda muke ba da labarin mutuwar taurari da Hausa.

Duk sanda wani haske ya gilma a sama da daddare sai ka ji an ce tauraro ya faɗi, wasu ma su ce ai mutuwa ya yi kenan. To wallahi ba tauraro ba ne. Ɗan tsakuwa ne, wani bai fi ƙwayar yashi ba, ya shigo iskar duniya da mugun gudu ya ƙone tun yana wajen kilomita 80 zuwa 100 sama da kanmu. Shi tauraro na gaske ai irin ranar nan tamu ne, ita kuwa rana in da za a ɗura mata duniyoyi irin tamu sai ta haɗiye sama da miliyan 1, to abu kamar wannan ina zai faɗo, a kan me zai sauka?

Mutuwar tauraro irin rana a hankali take zuwa, ba hayaniya. Mafi yawan rayuwarsa yana haɗa sinadarin haidurojin ya koma sinadarin hiliyam a can cikin cikinsa, zafin da hasken daga nan suke, in haidurojin na tsakiyar ya ƙare sai ya kumbura ya zama ƙato ja jawur, daga baya ya koma kan hiliyam ɗin yana fitar da kabon da oksijin, in wannan ma ya ƙare shikenan ba shi da nauyin da zai ci gaba, sai ya riƙa furzar da jikinsa na waje kaɗan kaɗan cikin sarari har tsakiyar ta fito tsirara. Ita tsakiyar nan zafinta yakan wuce digiri 30,000, wata har ta haura 100,000, haskenta ne ke dukan iskar da aka furzar ɗin sai ta kama ƙyalli. Abin da masana ke kira nebula kenan na irin wannan mutuwa. Iskar tana bajewa da gudun kamar kilomita 20 zuwa 30 a daƙiƙa ɗaya, cikin shekara dubu goma-goma ta watse ta ɓace, abin da zai rage ɗan dunƙule ne girmansa kamar duniyarmu, shi ake ce wa farin wada. Ranarmu ma hanyar da ake sa ran za ta bi kenan nan da shekara wajen biliyan 5, Allah ne masani, mu dai ba da mu za a yi ba.

Manyan taurari waɗanda suka ninka rana sau 8 zuwa sama su nasu daban ne, fashewa suke yi, kamar wanda masu duban sama na ƙasar Sin suka rubuta a 1054 ana ganinsa har da rana tsaka. Wannan maganar wata rana ce.

Ni na taɓa ganin nebula irin na mutuwar tauraro kamar rana da idona, kuma gaskiya da farko haushi na ji. Wani abokina ne yake da ɗan madubin hangen nesa, ya saita shi kusa da tauraron nan mai haske da ake kira Vega, tsakanin wasu taurari biyu na ƙasansa, ya ce leƙa ka ga nebulan da ake kira Zobe. Na leƙa na leƙa ban ga komai ba sai ɗige-ɗige, na ce malam wasa kake da hankalina, ya ce kar ka zuba masa ido kai tsaye, ɗan karkata ka kalli gefe. Ina karkata ido sai ga shi, wani ɗan zagaye toka-toka kamar an busa hayaƙi ya tsaya cak, tsakiyarsa duhu-duhu, ƙanƙani sosai, in na mayar da ido kansa sai ya dusashe in na kauda ya dawo. Ba ja ba kore ba shuɗi. Na fi minti 20 a sunkuye har wuyana ya sage, kuma abin nan yana nesa da mu tafiyar haske ta shekara sama da 2,000.

Shi ya sa nake so in an buga hotunan nan masu launi a riƙa yi wa mutane bayani. Hoton wani nebulan da ake kira Zoben Kudu da na'urar hangen nesa ta James Webb da ke sararin samaniya ta fitar a watan Yulin 2022 kowa ya yi ta turawa a WhatsApp da Facebook, ga kyau kam ba magana, amma na'urar da hasken da idon mutum ba ya gani take aiki, launin daga baya ake sa shi don a bambance abubuwa. Ba ƙarya ba ne, sai dai yaron da ya ga hoton ya je ya leƙa madubi zai ce an yaudare shi kamar yadda na ce.

Sai kuma sunan, nan ne ma aka fi yin kwaɓa. Sunan da Turawa suka ba irin wannan nebula, wato planetary nebula, yana da kalmar duniyoyi a ciki, sai mai fassara ya ɗauko haka ya ce gajimaren duniyoyi, alhali babu ruwansa da wata duniya. Na farko da aka gano Charles Messier ne ɗan Faransa ya gan shi a 1764, shi ma taurari masu wutsiya yake farauta, yana rubuta irin waɗannan dishi-dishin ne don kar su ruɗe shi. William Herschel a Ingila, wanda ya gano duniyar Yuranus a 1781, shi ya yaɗa sunan saboda a madubinsa suna fitowa zagaye kamar duniyoyi, sunan ya bi su har yau. Sai a 1864 William Huggins ya rarrabe hasken wani nebula irin wannan da ake kira Idon Kyanwa ya gane ashe iska ce mai ƙyalli ba tarin taurari ba, kuma ya ga wani koren layi da ba a san na wane sinadari ba ne, har aka yi zaton sabon sinadari ne aka raɗa masa suna, shekara 63 ana wannan lalube kafin Ira Bowen a Amurka ya nuna a 1927 cewa oksijin ne kawai, irin wanda muke shaƙa, sirantar iskar wurin ce ta sa yake ba da launin da ba a saba gani a ƙasa ba.

To tunda su kansu sun san sunan nasu kuskure ne, me zai sa mu kwaso kuskuren mu zuba a Hausa? Mu da muke da Gamzaki da Zara da Kaza da 'ya'yanta ba za mu rasa suna ba. Ni shawarata a ce masa saɓar tauraro, kamar yadda maciji ke saɓa ya bar fatar a baya, duk da dai shi maciji yana tafiya abinsa, tauraron kuwa yana nan a tsakiyar saɓarsa yana hucewa. In akwai malamin kimiyya ko na Hausa cikin masu karatu da yake da wanda ya fi wannan, dan Allah ya aiko a buga mu gani, ni ba zan yi gardama ba.

Na gode Malam Edita, a gaida ma'aikata.

Naka mai karatu a kullum.