Ƙari a fatar kare: yankan farko ne ke raba gardama

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni fili in ja hankalin masu karnukan gadi da na farauta a nan Garuwa da kewaye kan kullutun da ke fitowa a fatar kare. Abin da aka saba shi ne lalas ko shafa baƙin mai, sai ya fashe yana ɗoyi a tuna da likita.

Da yawa kitse ne kawai, amma ido ba ya rarrabewa. Likita zai tsotso kaɗan da siririyar allura ya duba. Sankarar fata da ta fi yawa a karnuka ita ce mastositoma, kusan 1 cikin kowane ƙari 5. Mayaudariya ce: yau ta kumbura, gobe ta saɓe, mai kare ya ce ai ta warke. Kada a matsa ta, domin tana sakin sinadarin histamin mai jawo gyambon ciki, amai da baƙin kashi.

Wajen fiɗa ake yin ɓarna. Ba kullutun kaɗai ake cirewa ba, sai an haɗa da lafiyayyar fata santimita 2 zuwa 3 ta kowane gefe, da shimfiɗar naman da ke ƙasa. Wanda ya tausaya wa wuƙa ya bar saiwa, za ta dawo a kan tabon, ta fi da girma. Shi ya sa ƙari kamar gyaɗa a haƙarƙari ya fi sauƙi a kan irinsa a ƙafa, inda babu fatar da za a ja a ɗinke. Abin da aka ciro kuma a jefa shi a fomalin, ruwan adana nama, mai ƙarfin kashi 10 cikin 100 a kai gwaji, don a san irin sankarar. Idan mai sanyi ce, wato wadda ba ta saurin yaɗuwa, kuma ta fita duka, galibi kare ya rabu da ita ke nan. Idan mai zafi ce, ko ta kai kaluluwa, saifa ko hanta, sau da yawa lissafin watanni ake yi.

Akwai kuma ƙari mai zubar jini a al'aurar karnukan da ke yawo, wanda suke ɗauka wajen barbara. Ganinsa ya fi jinsa tayar da hankali, amma ya fi kowanne jin magani: allurar binkiristin a jijiya, mako-mako, sau 4 zuwa 6, tana warkar da fiye da 9 cikin 10. Likita kaɗai zai yi ta, domin in ta zuba a gefen jijiya sai ta ruɓar da naman ƙafar.

Wani likitan dabbobi,
Garuwa, Kamaru