Kokenmu Ga Mai Martaba Sarkin Katsinan Gusau Kan Tsohon Kantin Awo Na Bakin Tasha

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Katsinan Gusau,
Ta hannun Mai Girma Hakimi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Allah ya taimaki Sarki, Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara lafiya da nasara. Bayan gaisuwar ban girma da biyayya, mu talakawanka, dattawa da 'yan kasuwa da matasan unguwannin da ke kewaye da tashar jirgin ƙasa, mun kawo kukanmu gaban uba, domin abin ya fi ƙarfinmu.

Ranka ya daɗe, daren Talatar da ta wuce wasu mutane suka zo da mota a-kori-kura, suka kwance kwanon barandar tsohon kantin awon gyaɗa da auduga, suka ɓalle ƙofar ƙarfen nan mai sakata biyu. Babban sikelin da ke girke a ƙasa tun kafin a haifi mafi yawanmu, shi ma sun sare shi gunduwa-gunduwa. Da gari ya waye muka tarar da ramin da aka tumɓuke shi, ga jan fenti an shafa a bango, alamar rusau. Wani dattijonmu da ya yi dako a wurin yana saurayi ya tsaya bakin ramin ya kasa cewa uffan. Daga baya yara suka ga guntun sikelin a wajen 'yan gwangwan, ana awonsa da kilo. Sikelin da ya auna arzikin ƙasar nan, Allah ya taimaki Sarki! Har yau babu wanda ya nuna mana takarda, babu wanda ya ce shi ya aiko su. Sai dai raɗe-raɗin wai za a gina shaguna.

Sarki ya fi mu sanin tarihi. Gusau ta Malam Sambo Ɗan Ashafa ta bunƙasa ne sosai bayan da layin dogo ya taso daga Zariya ya ratsa ta har Ƙauran Namoda a 1929. A irin wannan baranda 'yan baranda suka samo sunansu. Nan jakai da raƙuma ke sauke kaya daga ƙauyuka, a auna, a ɗinke buhu, a loda wa jirgi. Da kuɗin wurin iyayenmu suka yi aure, suka biya haraji, wasu suka sauke farali. Sauran kantunan zamanin duk sun tafi ɗaya bayan ɗaya muna kallo, wannan ne ya rage da siffarsa. Jiharmu ta Zamfara da tun kafa ta a 1996 take tutiya da noma, a ce ba ta da gini ɗaya da za ta nuna wa ɗan makaranta?

Mun je wajen mai unguwa, mun rubuta takardu, mun yi zarya ofis-ofis har mun manta sau nawa. Kullum "a dawo mako mai zuwa".

Don haka muke roƙo, cikin ladabi, Sarki ya sa baki a dakatar da duk wani rusau tun yau, kafin su dawo da katafila. A binciko wanda ya turo mutanen nan, a karɓo ƙofar da abin da ya saura na sikelin. Muna roƙon fada ta rubuta wa gwamnatin jiha da Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda dokar 1979 ta kafa, su turo masana su duba ginin a sa shi cikin wuraren da doka ta kare, kamar Gidan Makama na Kano da Gobarau ta Katsina. Maƙwabtanmu na Argungu ba su rushe tsohuwar fadarsu ta 1831 ba, gidan tarihin Kanta suka mayar da ita, baƙi na zuwa gani. Idan akwai mai haƙƙi a filin, a zauna da shi a ba shi wani wuri ko diyya, ba ma son a zalunci kowa. Kuma a rufe barandar ko da da tamfol ne, damina ta kusa, bangon ba zai jure ruwa ba. Sannan a sa mai gadi. Matasanmu ne ke kwana a wurin yanzu, kuma muna tsoron abin da zai faru idan mutanen nan suka sake zuwa da dare.

Allah ya ja zamanin Sarki, ya kare mana ƙasarmu da zaman lafiya.

Mu ne talakawanka masu biyayya,
Mazauna unguwannin bakin tasha, Gusau.