Wasiƙa ga aminina kan kujerar filawud mai ma'aji

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Na ga saƙonka cewa falon gidan da ka kama ƙarami ne, kana son doguwar kujera wadda za ta haɗiye barguna da tabarmi. Za ka iya haɗa ta da kanka.

Sayi filawud guda 2, mai ƙafa 8 da ƙafa 4, kaurin milimita 18. Ka auna kaurin a gaban mai shago, domin wani ba ya cika. Kada a lallashe ka da MDF, wato allon da aka matse daga garin katako da gam, don sauƙin kuɗi: da ya sha ruwa sai ya kumbura, kuma gefensa ba ya riƙe sukuru. Ka haɗa da katako tu-bai-tu (mai inci 2 da inci 2), gam ɗin katako, sukuru na inci ɗaya da rabi, hinji 4, samfefa da soso mai kaurin inci 4.

A falle na farko za a fitar da ƙasan akwati (inci 70½ da 22½) da murfi (72 da 23). Ragowar ta ishi gefuna biyu (22½ da 12) da allon tsakiya, wanda za ka rage wa tsayi zuwa 11¼ tunda a kan ƙasan zai zauna. Falle na biyu zai ba ka majingina (72 da 30) da gaba (72 da 12). In akwai kafinta mai injin yanka kusa, biya shi ya yanka maka, zarton hannu yana fizge fatar filawud.

Wurin haɗawa ne aka fi yin ɓarna. Filawud yadudduka ne da aka manne, in ka danna sukuru a gefensa kai tsaye sai ya tsage. Don haka sa tu-bai-tu a kowace kusurwa ta ciki, ka shafa gam, ka huda ƙaramin rami tukuna, sannan ka ɗaura sukuru ya shiga katakon, tazarar inci 6. Kafin gam ya bushe, auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta, ta ɓangarori biyu. In awon bai zo ɗaya ba, akwatin ya karkace, murfi ba zai zauna ba.

Allon tsakiyar nan kada ka ce za ka tsallake shi don samun fili. Ƙafa 6 ba madogara, mutum uku suna zama, wata kaɗan murfin zai lotsa.

Daga murfin yanke tsiri mai faɗin inci 4 ka kafe shi a jikin majingina, sauran ka raba biyu, kowane rabi da hinji 2 a jikin tsirin. Ba don tsirin ba, murfin zai riƙa cin karo da majingina. Ka sa ɗan sanda ko ƙugiya mai riƙe shi a buɗe, saboda yatsun yara. Wannan ina roƙonka kada ka yi sakaci da shi.

Yi mata ƙafafu 6 masu tsayin inci 2, kada ta sha danshin siminti da ruwan goge ɗaki, ka kuma huda ramuka kaɗan a baya don iska, in ba haka ba barguna za su yi warin fumfuna da damina. Goge da samfefa, shafa maganin gara, sannan fenti sau biyu, har da gefuna.

Soson zama ka raba shi biyu daidai da murafen, ka nemi mai tauri, mai laushi yana saurin kwantawa. Na baya a yanka shi da gangara, ƙasa inci 4, sama inci 2, tunda allon a miƙe yake. In baƙo ya zo, cire na bayan, ya samu wurin kwana.

Kafin a yanka komai, auna bangon da ƙofar falon ka aiko mini, in akwai gyara mu yi shi a takarda. Ka gaishe da uwargida da yara.

Naka,
Amininka